Ɗakin da Ba Zan Shiga Ba

Litinin, 1 ga Satumba, bakwai na safe, Muchiya

Na tashi da waƙa a baki. Mijina Kefas ya leƙo daga banɗaki, kumfa har gemu, yana tambaya ko wani abu ya faru a unguwa da bai ji ba. Na ce ya wanke bakinsa tukuna. Ya san dalili sarai, so yake kawai ya ji na faɗa, ni kuwa ba zan faɗa ba.

Muna da baƙo a hanya. Iyakar abin da zan rubuta ke nan, ko a nan ɗin ma. Sau biyu na yi saurin baki. Na gaya wa zumuntar mata, aka yi guɗa, aka taka rawa a coci, daga baya na zauna a tabarma ina amsa sannu da kai a ƙasa. Wannan karon Inna ta kama kunnena ta waya tun daga ƙauye. Ta ce, “Keziya, a gidanmu ba a faɗi, gani ake yi. Ki rufe bakin nan naki har zane ya yi magana da kansa.” Na yi mata alkawari. Ni da ake cewa ko kaza ta yi ƙwai sai na sanar da maƙwabta, yau ni ce mai riƙe sirri. Ubangiji ya taimake ni.

Laraba, 3 ga Satumba, huɗu na yamma, Samaru

Wakena sun yi kyau har na ji kamar in yi musu hoto in kai wa Fasto. Suna cikin tukwane a gidan raga da ke bayan sashenmu a jami’a. Layin dama na ba su takin fosfaras, layin hagu na hana su, da gangan. Kullum in na zo ban ruwa sai na ba na hagu haƙuri, in ce musu ba mugunta ba ce, digiri ne.

Farfesa Shekari, mai duba aikina, ya biyo ta wurin da lemarsa. Dattijo ne dogo, ba ya dariya sai da dalili, dalilin kuma ban taɓa ganin ya zo ba. Ya ɗaga ganye ɗaya ya duba bayansa, ya ce dole a tsinke kafin fure ya fito, domin da zarar wake ya fara fure sai ya shiga kwashe kayan ganyensa yana kai wa ’ya’ya, lissafinmu ya rikice. In na rasa wannan shukar sai wata shekara, ni kuma wa’adin karatuna ya kusa cika. Na ce to, ranka ya daɗe. Ya ce in daina ce masa ranka ya daɗe, shi ba hakimi ba ne. Na ce to, Baba.

Alhamis, 4 ga Satumba, tsakar rana

Gasasshiyar masara uku da yalo. Ban ji kunya ba.

Asabar, 6 ga Satumba, goma na safe

Kefas ya ce shekara biyu yana gaya wa abokansa malaman makaranta cewa matarsa tana binciken wake, suna ɗauka kosai nake koyo. Ya ce yau sai na fahimtar da shi. Na zuba ruwa a kofi, na ɗiga man gyaɗa, na ce ya haɗa su. Ya kaɗa, ya kaɗa, suka rabu. Na ce to a cikin ganye akwai wani irin mai da ya fi wannan wayo, sunansa fosfolifid. Yana da kai ɗaya mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudun ruwa. In suka taru sai su jera sahu biyu, wutsiyoyi a ɓoye a tsakiya, kawuna a waje suna shan ruwansu. Wannan sahun shi ne bangon kowace ƙwayar halitta da ke cikin ganye. Ba shi, ganye ya zama miya tun yana kan reshe.

Ya ce to ina ruwan taki a ciki. Na ce a kan nan mai son ruwa fosfaras yake zaune. Ƙasarmu ta nan kuwa rowar fosfaras gare ta. Idan shuka ta rasa, sai ta koma kan bangonta ta ciro wanda ke ciki, ta toshe gurbin da wani mai da aka yi da sukari, fosfaras ɗin ta tura inda ake buƙata. Abin da nake so in auna shi ne nawa tsohon ganye yake bayarwa, nawa sabon ganye yake riƙewa.

Ya kalli kofin, sannan ya kalle ni, ya tashi ya dafa mini ƙwai biyu ba tare da na roƙa ba. Ƙwan ya dahu har ya yi shuɗi, amma na cinye.

Talata, 9 ga Satumba, biyar na yamma

Ga inda gizo ke saƙa. Ba a raba mai da ganye sai da kulorofom, wani ruwa mai ƙamshin zaƙi-zaƙi da ke tashi sama tun kafin ka rufe kwalba. A ƙa’ida ana aikinsa ne a cikin akwatin da ke zuƙe iska waje. Namu ya mutu tun bara, yanzu tsofaffin jaridu ake ajiyewa a ciki. Da na je asibiti yau na tambayi likita a kaikaice, wai wata ƙawata ce ke son sani. Ta cire tabarau ta ce in gaya wa ƙawar tawa kada ta kuskura ta shaƙe shi, kuma ƙawar ta hau sikeli tunda ta zo.

Farfesa ya ce jibi za mu fara gwaji da ganyen banza, hannu ya saba kafin ranar gaske. Na ce masa mura nake ji. Ban ma shirya ƙaryar ba, ita ta fito da kanta.

Alhamis, 11 ga Satumba, biyu na rana

Toluwani ta warkar da ni. Ita ce abokiyar aikina, tana digiri na uku a kan man ganyen rama. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta zo da fulas cike da citta da kanumfari da lemon tsami, ta tsaya a kaina sai da na shanye, gumi na zuba. Ta ce, “Oya, murar uban wa ta rage? Tashi mu je.” Na ce kaina na juyawa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce abeg in zauna kada in faɗi a kan kwalabenta. Ta yi gwajin ita kaɗai.

Na dawo gida ina dariya a keke napep ni kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya. Ban san me ya sa komai ke ba ni dariya kwanan nan ba. Akuya ta hau kan buhun gawayi a bakin kasuwa, na yi ta ƙyaƙyatawa har Muchiya.

Litinin, 15 ga Satumba, shida na yamma

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yau na ce wa Farfesa ina da asma tun ina ƙarama. Ya ce me ya hana ni faɗa tun farko. Ya shiga ofis ya fito da takunkumin fuska sabo fil a leda, wanda ya ce ya sayo a wani taro ya ajiye, bai taɓa ba kowa ba. Da hannunsa ya gyara mini igiyar. Mutumin nan da ba ya dariya.

Me zan ce? Baba ne, sa’an mahaifina. Ko ba alkawarin Inna, da wane baki zan dubi idonsa in faɗi irin wannan magana? Na shiga. Na zuba kwalba huɗu ko biyar. Takunkumin na ƙura ne, ƙamshin ya ratso ta gefe, na ji shi har maƙogwaro. Na ce zan zaga, na fita, ban koma ba.

Ban gaya wa Kefas ba. Ba daɗewa na yi ba ai. Ba daɗewa na yi ba.

Laraba, 17 ga Satumba, asuba

Ba komai ba ne. Ɗigon jini ne, kaɗan ne.

Laraba, sha ɗaya na safe

Kefas bai je makaranta ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, uku na rana

Likita ta ce kwanciya, ba ɗaga ko bokiti. Ta ce a dawo Talata a duba. Na gaya mata zancen Litinin. Ta ce ba ta ce shi ne ba, ba ta ce ba shi ba ne, irin wannan yakan zo ko mace tana zaune a kan katifa tun safe. Kefas yana wurin, ya ji komai. A hanya ya riƙe hannuna kamar za a ƙwace masa.

Daidai nan ne abin ya lalace wancan karon. Da wanda ya gabace shi.

Asabar, 20 ga Satumba, tsakar rana

Inna ta iso da kaza a ƙarƙashin hammata da ƙullin kuka. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta share ɗaki, ta kori Kefas daga kicin, ta ce ƙwan da yake dafawa ko kare ba zai ci ba. Ta zauna a bakin gado tana tsefe mini kai, tana ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure da wanda saniyarsa ta shiga gonar Jatau.

Na san kowane tabo da ke silin ɗin nan yanzu. Akwai mai kama da taswirar Najeriya, an cinye mata Barno.

Toluwani ta turo hoton wakena. Na hagu sun tsuke, tsofaffin ganyensu sun yi duhu. A layin dama na hango ’yan kumbura a kan reshe, fure na shirin fitowa. Na kife wayar. Wake ya yi abin da zai yi. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai, kuma ba na wake ba.

Lahadi, 21 ga Satumba, biyar na yamma

Bayan sujada sai ga mota a ƙofar gida. Farfesa ne da matarsa, Mama Bibiana, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Sun zo duba mai asma. Na so ƙasa ta tsage.

Shi ya zauna a falo da Kefas suna zancen damina. Ita ta shigo ɗaki da ledar lemo. Ta tsaya ta dubi fuskata, ta dubi magungunan da ke kan tebur, ta dubi Inna. Inna ta dubi taga. Mama Bibiana ta ce, “Wannan asmar na san irinta. Sau huɗu na yi ta.” Inna ta ce Allah ya raya. Suka shiga hirar tsadar manja kamar ba a yi komai ba. Da za ta fita ta gyara mini filo a ƙarƙashin ƙafa, ta matsa babban yatsana sau ɗaya.

Ta taga na ga Farfesa ya tada mota, sai matarsa ta karkato ta yi masa magana a kunne. Motar ta mutu. Sun daɗe a tsaye kafin ya sake tayarwa.

Talata, 23 ga Satumba, ɗaya na rana

Yana nan.

Yana nan, yana nan. Likita ta shafa mini man nan mai sanyi, ta yi ta yawo da abin, ni na rufe ido ina karanta Zabura a zuci ina ɓata baitoci. Sai ɗakin ya cika da sauti, sauri-sauri, kamar ana dakan gero a gidan maƙwabta. Kefas ya tambaya ko injin ne ya lalace. Likita ta ce injin lafiyarsa lau, mai gidan ne ke aiki. Mijina, malamin lissafi mai gemu, ya zauna a kan kwandon shara yana kuka, sai da nas ta tashe shi.

A hanyar gida na ce a tsaya a sayi masara. Inna ta ce guda ɗaya. Na ci biyu, ta cinye ta ukun.

Litinin, 29 ga Satumba, shida na yamma

Likita ta yarda in fita, amma a hankali. Na tafi Samaru na shirya jawabi tun daga gida: zan ba da haƙuri, zan ce a ba wani ɗalibi waken, zan jira baɗi in an yarda. Na ƙwanƙwasa ofis, na durƙusa, na ce, “Baba, akwai maganar da ya kamata in…”

Ya ɗaga hannu. “Ban tambaye ki komai ba, kada ki gaya mini komai. Tashi, wa ya ce ki durƙusa?” Ya jawo mini kujera. Ya ce daga yau aikina a gidan raga yake, a iska: ni zan zaɓi ganye, ni zan auna, ni zan rubuta. Kwalba kuwa shi da Toluwani. Sannan ya ce, “Idan na sake ganin ƙafarki a ƙofar ɗakin can, ni da kaina zan kore ki daga digirin nan. Kin ji ni?” Na ce na ji. Ya ce takunkumin da ya ba ni kuskurensa ne, kuma ya kwana biyu bai yi barci ba a kansa. Bai dube ni ba da yake faɗa, ni ma ban dube shi ba.

Muka yi tsinka kafin rana ta yi zafi. Aikin sauri ne, domin a cikin ganye akwai wani sinadari kamar almakashi, da zarar an yanke ganyen sai ya farka ya hau datse kawunan fosfolifid. Dole ganye ya faɗa cikin tafasasshiyar barasar gwaji nan take, kafin almakashin ya buɗe baki. Ni ina yanka ina ɗorawa a sikeli ina kiran lamba, Toluwani tana figa da gudu zuwa risho a can ƙarshen baranda, Farfesa yana tsaye da agogo yana cewa ta yi sauri. Ta ce, “Furof, ni ba barewa ba ce fa.” Fure uku kacal suka buɗe, muka bar waɗannan tukwanen. Mun sha da ƙyar.

Laraba, 1 ga Oktoba, tsakar rana

Ranar hutu ce amma suna can suna aiki. An fito da tebur ƙarƙashin dalbejiya, an kafa fanka biyu a bayansu, ni an ajiye ni nesa kamar mai ƙyanda. Toluwani ta ce rabon Farfesa da ya riƙe kwalba tun ba a haife ta ba. Ya fasa biyu, ya ce tsofaffi ne dama. Rigar gwajinsa ba ta rufe tumbi.

Da ta zo shan ruwa na ce mata na gode, kuma ban san yadda zan biya ta ba. Ta ce, “Ke, tun ranar citta na gane. Mai mura ba ta cin masara uku.” Na ce to me ya sa ta ɗura mini fulas guda? Ta ce hukuncin ƙarya ne. Ta kuma ce in mace ce sunanta za a sa, in namiji ne ma sunanta za a sa, sunan yana hawa kowa. Na ce ban san zancen da take yi ba. Ta ce ita ma.

Juma’a, 3 ga Oktoba, huɗu na yamma

Sakamako ya fito. Ana ɗiga man a gindin farantin gilashi da aka shafe da farar hoda, ruwan gwaji ya hau da shi sama, kowane iri ya tsaya a inda ƙarfinsa ya ƙare. Sai a fesa wani magani, duk inda fosfaras yake ya koma shuɗi. Toluwani ta manna farantin a jikin taga daga ciki, ni ina waje a kan dakali. Layin masu taki, ɗigo-ɗigo shuɗi shar kamar an yi da bula. Tsofaffin ganyen masu yunwa, da ƙyar ake ganin inuwar ɗigon. Amma sababbin ganyen waɗannan masu yunwar, shuɗinsu ya kusa kamo na masu taki.

Farfesa ya tsaya a bayanta yana kallo. Na rantse gefen bakinsa ya motsa. Toluwani ta ce ita ma ta gani, za ta ba da shaida ko a kotu.

Na nuna wa Inna hoton, na yi mata bayani iya iyawata. Ta juya wayar sama da ƙasa ta ce, “Yanzu yarinyar nan shekara biyu kika yi kafin ki san tsoho ne ke ba yaro?” Na ce sani daban, aunawa daban. Ta ce in auna tuwon da ke gabana.

Lahadi, 12 ga Oktoba, biyu na rana

Zanen zumunta ya ƙi zagayowa yadda ya saba. Matan coci suna gaishe ni suna kallon sama, suna murmushi. Ba wadda ta ce komai. Wata ta ɗauke mini jaka, wata ta matsa mini kusa da fanka. Mun wuce inda muka tsaya sau biyu, mun wuce da nisa, amma har yanzu in na shiga banɗaki sai na riƙe numfashi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, biyar da rabi na yamma

Sai na rubuta wannan tun da zafinsa.

Na taso daga Samaru, na sauka a Kwangila na hau keke zuwa gida, ni kaɗai a baya da jakar takardu. Direban matashi ne mai gaggawa, ya bi ta wata hanya da ruwan bana ya cinye, rami na bin rami. Ina riƙe da ƙarfe ina lissafin abin da zan rubuta a babi na huɗu. Sai na ji wani abu a ƙasan cibiya, ɗan kaɗan, kamar kifi ya juya a cikin kwano. Na ce yunwa ce. Muka faɗa wani rami, ya sake, sau biyu, a wuri guda. Waɗancan biyun ba su kai ga haka ba. Ban taɓa sanin yadda abin yake ba sai yau.

Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya buɗe. Na taɓa kafaɗar direban na ce, “Malam, don Allah a hankali. Mu biyu ne.”

Ya waiwayo, ya dubi kujerar, ya ga ni kaɗai. Ya dubi fuskata, hawaye shaɓe-shaɓe ina dariya. Sai ya sassauta hannu daga mai, ya rage rediyo, ya ce, “Allah ya raba lafiya, Anti.”

Na ce amin. Masu babur suna ta yi mana hon suna wucewa, bai kula su ba. Haka ya lallaɓa da mu, rami ɗaya bayan ɗaya, har ƙofar gida.